Waken Cikin Kabad

Litinin, 3 ga Fabrairu
Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Wai darasina na gwajin kimiyya ɓata lokaci ne, in sufeto ya zo bai ga amfaninsa ba, zai ba malamin lissafi awata ta Laraba. Na ce Allah ya kawo sufeton lafiya. Ni za a tsorata?

Laraba, 5 ga Fabrairu
'Yan aji biyu sun shuka wake a gwangwanayen madara, rabi a bakin taga, rabi cikin kabad. Na rubuta manufar darasi a saman allo: ɗalibi zai iya faɗin cewa tsiro ba ya girma sai da haske. Sun maimaita har aji ya amsa. Haka nake so.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Na buɗe kabad. Waken duhu ya fi na taga tsawo nesa ba kusa ba, fari fat, siriri kamar zare. Na san dalili mana, haske yake nema. Amma ba haka allona ya ce ba.

Yaran nan sun auna da rula da hannunsu, suka koma suka rubuta na taga ya fi tsawo! Sai yarinya ɗaya, wadda suke kira Lauya saboda gardama. "Malama, na allo zan rubuta ko na gwangwani?" Na ce ta zauna. Haushi ya cika ni, kuma ba nata ba ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Maigida ya ce in datse su kafin sufeto ya zo, wa zai sani? Shi wasa yake. Ni sai da na kalli almakashi.

Laraba, 19 ga Fabrairu
Ban datse komai ba. Na jera gwangwanayen gaban sufeto, na ce kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Yara sai satar kallon allo suke yi. Lauya ta ɓalle: na kabad dogo ne amma ba shi da lafiya. Sai musu ya kaure, kan tsawo, kan launi, kan ganye. Sufeto ya ce hayaniya ta yi yawa, ya kuma karɓi rula ya auna da kansa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Larabata na nan. Shugaba ya faɗa mini a baranda, fuska a murtuke. Da ma na sani.

Na sake rubuta saman allo: ɗalibi zai faɗi abin da ya gani, ko da ya saɓa wa Malama. Tsohon rubutun ne ya dusashe, shi ke nan.