Irin geron Malam

Daren Litinin, bayan isha'i, Daura

Yau na fara fita tun da na gama takaba. Na ɗauki zangarniyar gero uku da Malam ya rataye a bayan ƙofa kafin ciwo ya kwantar da shi. A tsohuwar unguwarmu, duk kaka kowane magidanci yakan kai iri zauren manoma ya soke a rufi. Wanda nasa ya ƙare sai ya zo ya zara da damina, ba mai tambayarsa. Malam bai taɓa fashi ba, har bayan mun tashi. Na ce bari in kai masa wannan.

Na ce wa mai keke zauren manoma. Ya ce, "Hajiya, ina ne haka?" Ni na riƙa nuna masa hanya. Gonakin duk sun zama gidaje. Inda zauren yake shagunan bulo ne, tsamiyar ƙofar zauren kawai na gane.

Wani tela ya leƙo ya ce, "Mama, ɗinki ne?" Na ce iri na kawo. Ya yi dariya ya ce nan ko kaza ba ta samun ƙasar tono. Da ya dubi fuskata sai ya miƙo mini kujera. Ya ce babansa yana noma a Zango. Na ba shi biyu, ban tambayi sunansa ba. Haka ake yi a zauren.

Ɗayar na mayar da ita kan ƙusarta a bayan ƙofa. Na kasa barin wurin wayam. Allah ya jiƙanka, Malam, na kai.