Taurarin Gonar Baba a Mawashi

Ƙanena Kamilu,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? An gama girbi?

Ba wanda ya koya mini hoto, ba wanda ya tsaya mini, ga ni da shagona a Legas. Lafiyata lau, sai idona da ya fara hazo. Ba komai ba ne, kada Inna ta ji.

Ga kyamara nan da gilashi mai faɗi, ni na zaɓa, don yana kwaso sama duka. Nan fitilu sun ɓoye taurari. Kafa ta a gonar marigayi Baba, kada ta motsa, ka ɗauko mini kaza da 'ya'yanta, taurarin da yake nuna mana. Ina so in gan su tun ina gani.

Kai dannawa ce taka. In an wanke hoton, sunana za a rubuta.

Yayanka,
Dikko