Na Je Neman 'Yata a Ƙofar Kamfani, Na Jawo An Kore Ta

Assalamu alaikum Hajiya Radiyya. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan takarda har ƙarshe ko da rubutun ya ba ki wahala. Da hannuna na rubuta, ban ba kowa ya duba mini ba, domin akwai abin da ke ciki da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba. Sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu a Dorayi. Kwana uku na yi ina wannan rubutun.

Maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Ina da 'ya'ya huɗu, babbar mace ce, shekararta ashirin da biyar. Zan kira ta Badi'a, ba sunanta ba ne. 'Yar fari ce, kin san yadda muke da 'ya'yan fari. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, ba ma zama mu yi hira, idan ina da magana sai in aika ƙanwarta. Amma Allah ya sani babu wanda nake ji a raina kamarta. Tana aiki a wani kamfanin tabarmar roba a Challawa, aikin safe, ta fita bayan asuba ta dawo kafin la'asar. Ko in ce tana yi a da.

Bara ne muka fara kallon wani wasan kwaikwayo na ƙasar waje a talabijin, wanda ake fassarawa da Hausa, na masu bincike da ke neman mutanen da suka ɓata. Yara suna kallo don nishaɗi. Ni kuwa tun ranar farko na kasa tashi daga gabansa. Kullum idan an kawo rahoton ɓatan mutum, jami'ar binciken takan zaunar da uwar ta tambaye ta: wane kaya ya sa, ƙarfe nawa ya fita, wa ya gan shi ƙarshe. Idan uwar ta amsa, sai su fita da motoci, su duba rajistar wurin aikinsa, su duba kyamara, kafin a tashi shirin sun gano shi.

Hajiya, an taɓa yi mini waɗannan tambayoyin. Ina da ƙane, Muhyiddeen, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya taho daga ƙauyenmu a Jigawa ya samu aiki a kamfanin fata a Bompai, yana kwana a shagon gidanmu. Lokacin Badi'a tana goye. Wata safiya ya fita aiki bai dawo ba, yau shekara ashirin da huɗu. An yi cigiya a rediyo, an duba asibitoci, an je har inda ake ajiye gawa. Da muka je wurin 'yan sanda, suka ce tunda ni na gan shi ƙarshe, in faɗi kayan da ke jikinsa. Ban sani ba. Ranar fushi nake da shi don ya jiƙa kayan aikinsa masu warin fata a bahon da nake wankin jaririya. Ya yi mini sallama daga bakin ƙofa, na amsa ban ɗago kai ba. Kunya ta hana ni faɗin haka, sai na ce shuɗiyar riga ce. Ƙarya na yi. Suka rubuta, na dangwala yatsa a takardar da ban iya karantawa ba, aka yi ta cigiyar saurayi mai shuɗiyar riga. Mahaifiyarmu ta rasu tana yi mini godiya a kan ƙoƙarin da na yi. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa ba.

To da na ga shirin nan, sai na ce ba za a sake tambayata in rasa amsa ba. Na sayi littafi mai shafi tamanin. Kullum Badi'a za ta fita, sai in leƙa ta taga in rubuta: Talata, hijabi ruwan toka, atamfa mai ganye, takalmi baƙi, ta fita shida saura kwata. Wani lokaci nakan bi ta da ido har bakin layi, in rubuta ko adaidaita ta hau ko motar ma'aikata. Idan ta tsaya gaisawa da wani, shi ma in rubuta, don a shirin kullum suna neman wanda aka gani da mutum ƙarshe. Wata takwas ina yi. Gaskiya har daɗi nake ji, don ban taɓa amfani da karatuna a kan abu mai muhimmanci kamar wannan ba.

Ranar wata Laraba, mako biyar da suka wuce, la'asar ta yi ba ta dawo ba. Na kira wayarta a kashe. Na san ana karɓe musu waya a ƙofa, amma ai lokacin tashi ya wuce. Ƙarfe biyar ta yi. A shirin suna yawan cewa awannin farko su ne komai, wanda ya tsaya jira ya yi asara. Na zari mayafi, na ɗauki littafina da hotonta, na hau adaidaita har Challawa. Ban taɓa zuwa ba. Manyan motoci, katangu dogaye, kowane kamfani kamar ɗan uwansa, sai da na yi tambaya sau huɗu.

Mai gadin dattijo ne, ɗan Nijar, ya ce in kwantar da hankalina, wuta ce ta ɗauke da rana, injuna suka tsaya, aka riƙe 'yan aikin safe su cike abin da aka yanka musu. Da na ji maganarsa na koma gida, da yanzu ba na rubuta miki wannan. Amma na ce sai ya nuna mini rajistar shiga. Ya ce Hajiya kin iya karatu ne? Wannan tambayar ta sosa mini rai. Na ce miƙo. Na bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, na duba na jiya, na duba na shekaranjiya. Babu sunan 'yata ko sau ɗaya.

Ban san lokacin da na fara kururuwa ba. Na kira sunanta da ƙarfi a gaban maza, sunan da ban taɓa furtawa ba. Mutane suka taru, manajan ma'aikata ya fito, na nuna masa hoto, na buɗe littafi ina karanta masa kayan da ta sa. Ya dubi hoton ya ce ai wannan Atika ce. Aka shiga aka fito da ita, da rigar aiki, lafiyarta ƙalau.

Ashe da katin Atika take aiki, 'yar ƙanen mahaifinta. Atika ta yi aure ta bar aikin, ɗan kwangilar da ke kawo ma'aikata kuma ya ce an rufe ɗaukar sababbi, sai ta bar wa Badi'a katinta. Shekara biyu tana amsa sunan Atika. An ce da yawa haka suke yi, kowa ya sani, ba a dai faɗa. Ni na faɗa, a gaban manaja. A ranar aka karɓe katin, aka sallame ta.

A cikin adaidaita ta karɓi littafin daga hannuna ta yi ta buɗawa har muka iso. Ta ga inda na rubuta ta tsaya da wani mai jar hula minti biyar.  Daga baya ta faɗa wa ƙanwarta cewa ashe duk wahalar da take sha, zargin yawon banza nake mata, har da ajiye shaida. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu ta ce ƙarshen watan nan za ta koma gidan gwaggonta a Dakata, wai za ta nemi aiki a Bompai. Bompai, Hajiya.

Ba na iya cin abinci. In hana ta tafiya? In faɗa mata maganar Muhyiddeen, ta san uwarta maƙaryaciya ce? Da wane baki ma zan fara, ni da ban taɓa zama da ita ba? Kuma har yau idan lokacin shirin ya yi sai na kunna. Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Uwa mai fargaba, Dorayi.

*

Wa alaikumus salam, 'yar uwata. Na karanta takardarki sau biyu, kuma rubutunki bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Allah ya jiƙan maigidanki da mahaifiyarki, ya bayyana Muhyiddeen.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Kin yi wa 'yarki ɓarna. Ta rasa aikinta, ta ji kunya a gaban abokan aikinta, kuma duk wanda ya karanta littafin nan bai san labarin ƙanenki ba, abin da ta fahimta shi zai fahimta. Fushinta yana bisa gaskiya. Kada ki tura mata dattawa su ce ta yi haƙuri don ke uwa ce. Za ta yi shiru saboda biyayya, zargin kuma ya zauna a ranta har abada.

Amma ita ma akwai nata. Shekara biyu tana shiga cikin injuna da sunan wata. Da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ko inji ya ji mata rauni, a takarda babu ita a wurin. Na san matsin da ke sa 'ya'yanmu yin haka, ba na ɗora mata laifin neman halali. Sai dai tsoronki ya taɓo wani abu na gaske, ko da hanyar da kika bi ba ta yi kyau ba. Wannan magana ce ta wata rana, ba ranar ban haƙuri ba.

Maganar shuɗiyar riga kuwa, ki saurare ni da kyau. Kina yarinya mai goyo, a tsorace, a gaban hukuma, kika faɗi abin da ba ki tabbatar ba. Kuskure ne, ki nemi gafarar Allah, ki ajiye shi. Masu sauraron cigiya sun ji sunansa, sun ji shekarunsa da garinsu da inda yake aiki. Ban yarda launin riga ne ya hana a gan shi ba. Shirin nan ne ya sa miki wannan tunanin, domin a can kowace amsa tana kai wa ga wata, tunda wanda ya rubuta labarin ya san inda ya ɓoye mutumin tun kafin a fara nema. Ke ba wanda ya rubuta miki naki. Ki huta da kallonsa, ko na wata uku ne. Ba haramun ba ne, amma ke ciwo yake fama miki kullum. Idan rashin cin abincin da faɗuwar gaban suka ci gaba, ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini. Ana maganinsa, kuma ba hauka ba ne.

Sai babbar tambayarki. E, ki faɗa mata, duka, kafin ƙarshen wata. Kunyar 'yar fari al'ada ce mai kyau, amma dubi inda ta kai ku: ita ta ɓoye miki kati shekara biyu, ke kin ɓoye mata ciwo shekara ashirin da huɗu, kuna kwana gida ɗaya. Ki aiki ƙannenta wani wuri, ki shiga ɗakinta da ƙafarki, ki zauna. Ki fara da cewa kin yi kuskure, ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Idan bakinki ya ƙi buɗewa, kina da abin da mata da yawa ba su da shi: ki kwafe wannan takardar da kika aiko mini, ki miƙa mata, ki zauna a wurin har ta gama karantawa. Ba na jin za ta ga maƙaryaciya a ciki.

Kada ki hana ta tafiya, kuma kada ki faɗi labarin don ya zama igiyar ɗaure ta. Mai yiwuwa ta ji komai ta yafe, kuma duk da haka ta tafi, don Dakata ta fi kusa da inda take neman aiki. Ki roƙe ta abu biyu kawai: duk aikin da za ta karɓa ya zama da sunanta, kuma idan za ta yi latti ta aiko da saƙo. Abin da ta ba ki da kanta ya fi abin da za ki leƙo ta taga kwantar da hankali.

Idan ranar ta zo, ki taya ta haɗa kaya, ki raka ta har gidan gwaggon, ki sa mata albarka a gaban mutane da babbar murya. Yarinyar da ta bar gida da albarkar uwarta tana dawowa da ƙafarta. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya ba ta aikin da ya fi wanda ta rasa.

Hajiya Radiyya