Jirgin da Bai Tsaya a Legas Ba

Tudun Wada, Zariya
Watan azumin tsofaffi

Zuwa ga jikana kuma maigidana Adnan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwa, yaya jiri? Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Maman Chiemerie mai kantin ƙofar gida ta kunna mini saƙonka, ita ce kuma za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Wai hutunka ya ja baya, jirginku ba zai bi ta Bahar Maliya ba saboda ana harbin jirage. Maigida, ƙarya ma sai an iya ta. Ka bar ni shekara biyu da ɗoriya, sannan ka ɗora wa teku laifi? Ni da idona na ga ruwan nan a Jidda, ba a hango ƙarshensa. Wa zai tare shi?

Don in kama ka, na yafa mayafi na tafi unguwar Kongo nan Zariya wurin Malam Isiyaku, abokin marigayi kakanka, wanda ya tsufa yana koyar da labarin ƙasa. Ya sauko da ƙwallon duniyarsa daga kan kabad, ya aza yatsana a wani ɗan maƙogwaro tsakanin Yemen da Afirka, ya ce kayan Sin da ke zuwa Turai ta nan suke kutsawa. Sai na tuna ranar da Ɗantsoho na kusa da gidanmu ya yi faɗa da maƙwabcinsa ya gindaya turmi a bakin lungunmu, har masu talla sai da suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci. Malam ya ce haka ɗin ne: yaƙi a Gaza, turmi a Yemen, tsada a kasuwar Tudun Wada. To, na yafe maka, amma rabi.

Kada ka yi dariyar rubutuna da ya yi manya-manya.

Taka har kullum,
Kaka Ishatu

Watan sha ruwan tsofaffi

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, albishirinka. Na koma Kongo na tarar Malam ya fita jana'iza, matarsa ta ba ni ƙwallon, na bi sabuwar hanyarku da yatsa ni kaɗai. Kun gangaro, kun kewaye gindin Afirka, kun hauro. Adnan, ta ƙofar Legas za ku wuce! Tsakaninku da ita bai kai faɗin yatsana ba. Duk karatunka ba ka lura ba?

Ga abin da za ka yi. In kun kusa, ka je wurin direbanku ka gaishe shi da ladabi, ka ce akwai mai sauka. Direbobin manyan motoci ma, da duk zafin ransu, suna tsaya wa mutum a mahaɗar Kwangila ta nan garin. Daga Legas kwana ɗaya ne.

Na sa an share ɗakinka, na shanya katifa. Na daka dambun nama da kaina, mai yaji kamar yadda kake so.

Ba don wasa kaɗai nake gaggawa ba. Likita ya ce hawan jinin ido gare ni. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana tsukewa daga gefe, kamar ina leƙen duniya ta bakin kwalba, kuma ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Uwarka tana so in koma wurinta Kaduna, na ce sai na ga fuskarka a tsakar gidan nan. Ina son in ga gemun da ake ta ba ni labari.

Mai jiranka,
Ishatu

Watan azumi

Adnan ɗan albarka,

Barka da shan ruwa, in kuna gane faɗuwar rana a inda kuke. Wannan rubutun Malam Isiyaku ne, ni ke faɗa, shi ke rubutawa.

Na ji saƙonka. Daina ba ni haƙuri, ba kai ka shimfiɗa duniya ba. Malam ya ce faɗin yatsan nan nawa ya fi daga nan zuwa Legas nisa, kuma jirgi irin naku ba ya tsayawa sai inda kayansa za su sauka. Bai yi mini dariya ba, Allah Ya saka masa.

Ranar da ka ce kuna daidai da mu, bayan la'asar na sa Maman Chiemerie ta juya mini kujera ta fuskanci kudu. Na zauna ina kallon katangar Ɗantsoho har ta ɓace mini. Na ɗaga maka hannu, ka wuce abinka, marar kunya.

Dambun na raba wa maƙwabta. Kaduna kuwa ban je ba, ba kuma zan je ba sai ka zo.

Yanzu haske kawai nake bambantawa da duhu, don haka kada ka ƙara turo hoto, ka turo murya. Ranar da Allah Ya kawo ka, kada ka lallaɓo don ka ba ni mamaki. Tun daga bakin lungu ka ɗaga murya ka yi sallama, in san kai ne. Ko ka yi tumbi, ko gemun bai yi maka kyau ba, ka tsira daga bakina. Sai dai ka durƙuso in shafa.

Allah Ya kai ku gaɓa lafiya.

Kakarka,
Ishatu