Takun Baba da Takunki

Luxembourg, 2 ga Satumba

Yaya Deolinda,

Ina gaishe ki, da Mama, da mijinki Horácio. Yaya ƙafar Mama? An haƙe dankalin kafin ruwan gishirin teku ya shiga gonar?

Ni lafiya nake. Aikin injiniyan bai samu ba tukuna, bulo nake ɗauka, amma bayana ya fara sabawa. Kada Mama ta ji.

Kin rubuto cewa ranar bikin waliyyi São Bartolomeu kin auna daga ƙofar gidanmu zuwa inda teku ya ci tudun yashi, kamar yadda marigayi Baba yake yi kowace shekara, kin sami taku hamsin, daidai da na bara. Kin ce Mama ta yi dariya, ta ce, "Ku gaya wa mai digiri, teku ya ƙoshi."

Na daɗe ina juya abin da zan rubuta. Yaya, Baba ne ya auna na bara, kuma takunsa uku naki huɗu ne. Hamsin ɗinki ba su kai arba'in ɗinsa ba. Teku ya ci takun Baba goma sha biyu a hunturu ɗaya. In an yi sa'a, hunturu uku suka rage wa gidan.

Ki mayar da Mama gidanki na kan tudu kafin guguwar teku ta Nuwamba, Horácio kuma ya janye kwalekwalen zuwa bayan coci. Na san ba za ta yarda ba, ban kuma san abin da za ki ce mata ba.

Allah Ya tsare ku. Baɗi kada ki auna.

Ƙaninki,
Albano