Zuwa Ga Mai Taka Mini Birki

Zuwa ga aminina Malam Idi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Kano. Mutanen Zangon Kumasi suna gaishe ka. Tawa gaisuwar kuwa da ƙorafi a cikinta, gara in faɗa tun yanzu.

Shekaranjiya Alhaji Bawa ya kawo tasinsa, birki na zubar da mai. Da na shiga ƙarƙashi, sai na ga mahaɗa ce ta tsage, 'yar tagullar nan da bututan birki ke haɗuwa a cikinta. Na samo wata, na jiƙa notoci da kananzir, na kwance su a hankali kada bututu ya murɗe, na ɗaura sabuwa. Wannan duk aikin mutum ɗaya ne. Fitar da iska daga bututan kuwa, ka sani, sai mutum biyu.

Tun muna samari kai ke kan kujerar direba, ni ina kwance a ƙasa. Ba ma magana. In na ƙwanƙwasa sifana a jikin ƙarfe sau ɗaya ka taka, sau biyu ka riƙe, har kumfa ta ƙare. Kakan ce kunnenka a tafin ƙafa yake. Da aka ce baƙi su bar ƙasar nan, na raka ka tasha. Kana kan lodi ka ce mini wannan yaren namu ne mu biyu, ko ina mota ta sauke ka.

To Idi, fataken goro sun dawo. Sun ce sun gan ka a wani gareji, wani ƙato yana ƙwanƙwasa maka sifana, kana takawa kuna dariya. Haba Idi! Ko shekara ba a yi ba fa. Da ka bar shi ya yi ta ihun "taka, riƙe" kamar kowa, wallahi da ban ji komai ba. Kishi nake, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ban taɓa gani ba ya hana ni jin daɗin tuwo.

Fitoci nawa, makanikai irinmu, suka nemi mu haɗa rumfa, na ce wurin da mai shi. Alhaji ma da kansa ya ce zai taka mini, na ce ya je ya sha koko. Sanda na yanko. In taka, in tokare birkin da ita a jikin kujera, in rarrafa ƙasa in buɗe notin iska, in rufe, in fito, in sake. Aikin da muke gamawa kafin shayi ya huce ya kai ni la'asar. Ana cikin haka na manta, na ƙwanƙwasa, na kwanta ina jiran ƙafarka.

Na san ba da son ranka ka tafi ba, kuma dole yara su ci abinci. Amma ka aiko mini da gaskiya, ɗan'uwana: in ci gaba da ajiye kujerar, ko in ba wani?

Allah ya tsare ka, ya sa albarka a ƙafar nan, ya buɗe hanya ka dawo mana. Shi ma ƙaton, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ba shi nasa abokin.

Naka har kullum,
Sani Fita, da sandarsa, Zangon Kumasi.