Sai da ya tafi ya bar ni na karɓi kominiyo

Salama gare ku 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, Arlit ƙaramin gari ne, mu Katolika kuma duka-duka benci kaɗan muke cikawa. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni 'yar Maradi ce, maigidana ya kawo ni nan lokacin da yake tuƙa kamyo, wato babbar mota, a mahaƙar uraniyom. Auren gargajiya muka yi, an kai sadaki, iyaye sun sa albarka, amma ba a ɗaura mana a coci ba. A wurinmu kuwa, in kuna zaune tare ba auren coci, ba ku karɓar kominiyo, wato Jikin Almasihu. Shi maigidan abin bai taɓa damunsa ba. Ni ce kowace Lahadi in mutane suka tashi yin layi sai in janye gwiwoyina su wuce. Ni ke share cocin, ni ke wanke zanen bagade in goge, amma abin da ake ɗorawa a kai ba ni da rabo. 'Yata ta fari ta yi kominiyonta, ni na ɗinka mata farar rigar, ina zaune ina kallo.

Na yi magana har na gaji. Da farko ya ce shi ba zai yi biki da bisap, wato zoɓo, da biskit abokan aiki su yi masa dariya ba. Aka shiga tawaye, Momper, firist ɗinmu, sai da rakiyar soja yake zuwa, maigidan ya ce ai kin ga hanya. Hanya ta gyaru, ya ce fari ake, mutanen Gugaram sun rasa dabbobinsu, wa zai yi shagali. Mutumin nan bai taɓa rasa uzuri ba.

Da aka rufe mahaƙar sai ya bi masu neman zinariya arewa. Da farko yana kira, daga baya sai dai in gan shi a bidiyo cikin salular maƙwabta, da tabarau, zaune kan mota, kiɗa na tashi, mata na shewa. Ni ina nan ina tuyar ƙosai ina jan carbi.

Rannan na je furta zunubi, Momper ya tambaye ni rabona da mijina, na faɗa. Ya ce tunda ke kaɗai kike zaune, babu abin da ya hana ki karɓa. Ran Lahadi na tashi na shiga layi. Na yi kuka, matan coci suka ɗauka murna ce, wallahi rabi haushi ne. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah, ashe sai mijina ya watsar da ni zan samu? Duk da haka tun ranar zuciyata ta sami wata natsuwa da ban san da ita ba.

To yanzu mijin ya kira, wai zai zo Nowel, wato Kirsimeti, ya ɗan huta ya koma, in gyara ɗaki. Na tambaye shi zancen auren coci, ya yi dariya ya ce ke har yanzu kina nan da wannan maganar? Matar katikis ɗinmu ta ce 'yata ki yi haƙuri, uban 'ya'yanki ne. Yayana ya ce in sa sakata. Momper ya yi tafiya, sai ran Nowel ɗin zai dawo.

In na rufe ƙofa, yaran nan za su ce na kori ubansu, tun jiya ƙaramin yake tsaye bakin titi yana leƙen motoci. In na buɗe, ran Nowel zan koma kan bencina in janye gwiwoyi, saboda mutumin da ko sati biyu ba zai yi ba. Jibi zai iso. Ku gaya mini, in buɗe masa?